Ragon da Ba Ya Cin Dusa

Idan aka idar da sallar asuba a lungunmu na Zango, maza sai su koma su ƙarasa barcinsu. Baba Seini kuwa sai ya jawo ɗan bencinsa ya jingina da bangon masallaci, inda rana ke fara sauka. Ya shimfiɗa tsohon buhu a cinya, ya fito da wuƙaƙe daga gwangwanin madara, ya wasa su a dutse. Mai koko ta miƙa masa kofi, ya ajiye a gefe ya manta, har ƙudaje su yi wanka a ciki. Daga nan sai sassaƙa har azahar.

Ni Rakiatu, ɗakina na kallon bencin nan tun ina da haƙora. Ban san alif ba, faɗa nake ana rubuta mini, don haka in kun ga kuskure ku nemi mai biro.

Masassaƙi ne. Muciya, tabaryar fufu, allon makaranta, ƙotar wuƙa, da su ya ci abinci. Ba don su nake jinjina masa ba, wanda ya saya ya biya. Abin da bai taɓa sayarwa ba shi ne maganata.

Shekarar da maigidana ya rasu, Babbar Sallah ta zo ta same ni ba rago, ba ko ƙafar kaza. Kowane gida ana jin kukan dabba, ni ina jin na 'ya'yana. Ranar jajibiri sai ga sallamar Seini a bakin ƙofa. Ya miƙo mini wani abu kamar babban yatsa: ƙahon rago ne na katako, a murɗe, ya sha lalle ya yi ja, ya sha man kaɗanya yana ƙyalli. A bayansa ya ɗaura fil da siririyar waya.

Ya ce, "Mma Rakiatu, ga naki ragon. Ba ya cin dusa, ba ya ɓata tsakar gida."

Na ce, "Ba ya kuma shiga miya."

Ya ce, "Miya maƙwabta za su kawo. Wannan na mayafi ne."

Da shi na kame mayafina na tafi Idi. Ban ce na ƙoshi ba, amma na tafi kaina a sama.

Ashe ba ni kaɗai ba ce. Duk gidan da ya san ba za a yi yanka ba, sai ya sassaƙa wa matar gidan ƙaho. Yadda yake sani kuwa, mutumin da ke zaune bakin lungu yana ganin ƙofar da aka ja igiyar rago aka shiga da wadda ba a shiga ba. Da farko ragon yake yi sukutum, har da ƙafafu. Liman ya ce siffar mai rai ba kyau. Bai yi musu ba, ya zubar da ragon ya riƙe ƙahon. Katakon kuma ba na banza yake tsinta ba. Duk shekara yakan hau motar tirotiro ya wuce Tafo har Ahwiya, wurin masassaƙan Asante, ya roƙi guntayen itacen sese da suka yar, mai laushi, wanda ba ya tsagewa. Sun san shi, da sun hango shi sai su ce ga Wofa mai ƙaho, wato kawu.

Marigayiya Abibatu mai waken suya ta sha ba mu labari. Shekarar da mijinta ya kwanta ciwo, ta rufe ƙofa ta ce ba za ta Idi ba. Seini ya tura mata ƙahon ta ƙarƙashin ƙyaure ya yi tafiyarsa. Ta ce ta yi kuka, ta yi zagi, sannan ta yi wanka ta fita. A shekarun nan, in kin shiga sahun mata kika ga ƙaho a kafaɗar wata, sai ki matsa mata ta zauna, ba tambaya. Da yamma kin san inda kwanon nama zai fara zuwa.

Kai ne, Seini, ka sa matar da ba ta da komai ta sami abin sawa. Kai ne ka san ƙofar kowa, ba ka taɓa kai maganar kowa majalisa ba. Wuƙa mai kaifi, baki a kube.

To, duniya ta juya, kuma ba ta juya wajenmu ba. Aka fara kawo fil masu walƙiya daga kasuwar Kejetia, na roba, ana zuba su a faranti kamar gyaɗa. Wannan bai kashe ƙaho ba. Baki ne ya kashe shi. Wata shekara a filin Idi wasu 'yan mata suka nuna wata da leɓe, suka ce, "Gidan ragon katako." Aka yi dariya, aka ɗauke ta a waya. Daga ranar, abin da ke cewa a taimaki wannan ya koma cewa a kalli wannan. Mata suna karɓa da hannu biyu, "Allah ya saka, Baba," su shiga ɗaki su jefa a ƙasan kwalla.

Nusrat tela, wadda mijinta ya tafi Libiya aka daina jin sa, ta ce da ni, "Mma, talaucin ya ishe ni a ciki, sai na rataya shi a kafaɗa?" Ita ce ke rubuta wannan, na kuma ce kar ta cire sunanta. Ban ce ta yi ƙarya ba.

Sai kuma idon Baba ya fara tafiya. Asibiti suka ce jijiyar ce, ba ta dawowa. Bai ajiye wuƙa ba, ya koma gani da yatsa. Ku duba hannunsa na hagu, tsumma ya fi fata yawa.

Bara da aka sauko Idi, na same shi a benci da sabuwar rigarsa, ya juya ta baibai ba wanda ya faɗa masa. Ya ji takuna.

"Mma Rakiatu, su wa suka sa bana?"

Ni kaɗai na sa. Amma bakina ya riga ni. Na ce Fadilatu ta sa, Latifatu ta sa, matar ladan ta sa. Ina gani yana gyaɗa kai, sai na ji daɗin abin na ƙara wuta, na ce Abibatu ma ta sa.

Abibatu da shi ya riƙe makararta kafin azumi.

Can ya ce, "Allah ya jiƙan Abibatu. Ashe can ma ana zuwa Idi." Ya gyara buhun cinyarsa. "Sai wa kuma?"

Ban sami kowa ba, a raye ko a mace.

Na ɗauka shi ke nan. Sai ga shi watan jiya ya sa an riƙe masa hannu har tasha, ya je Ahwiya ya dawo da guntayensa. Na ce, "Seini, ka san ba a sawa. Yatsun nan na haya ne?"

Ya ce, "Mma, wanda ya yanka rago, yana bin kwano ya ga wa ya ci?"

Wannan ce Sallarsa ta ƙarshe a lungun nan. Magada sun sayar da gidan da yake haya, za a yi shaguna. Ɗansa Garuba direba zai ɗauke shi bayan Sallah ya kai shi Tafo, ɗaki a saman bene, kuma ya riga ya ce ba wuƙa a gidan saboda yara. Ba wanda ya koyi sana'ar. Samarinmu sun fi son abin da ake shafawa da yatsa ya yi haske. Gwangwanin madarar nan, na san inda zai ƙare: wurin masu gwangwan.

Ƙahonin bana ba su murɗe daidai ba. Nawa ya fi kama da barkono. Akwai ɗan duhu a gindinsa, kuma ba lalle ba ne.

Baba Seini, mun gode. Na faɗa da bakin waɗanda suka mutu da na waɗanda kunya ta hana. Allah ya ba ka ladan kowane rago da ba a yanka ba, ya sa hasken da ya ɗauke nan ka same shi a gaba.

Ku kuma, ban ce ku koyi sassaƙa ba, na san ku. Amma kowa na da ƙofar da yake gani ba a ja igiya an shiga ba, ya yi abin da hannunsa ya iya. Matan Zango, ku zazzage kwallayenku. Ranar Idi ku biyo ta bencin nan, ku ɗora masa ƙahon a tafin hannu ya shafa, sannan ku kame mayafi da shi ku wuce. Ni zan sa nawa duka, na tun farko har na barkonon, ko mayafin zai yage. Mai dariya ta yi, kunnena ya riga ya yi nauyi.

Zai tambaye ni su wa suka sa. Kar ku bari in sake tashin matattu.