Atishawar Mage

Ina tankaɗen gari a tsakar gida magenmu ta hau cinyata, ta yi mini atishawa uku a fuska. Shekarar korona ce, kuma da safiyar ranar na ji a rediyo wai maguna da karnuka ma suna kamuwa.

Ni kaɗai na yi kolej a gidanmu, don haka ni na san abin yi. Na ɗinka mata takunkumi, ta yage shi, ta yakushe ni. Sai na ɗauke ta muka shige tsohon rumbu, na hana kowa matsowa. Kwana biyu Inna tana miƙo mana fura a doguwar sanda, tana tambaya, "Ke da ƙawar taki, wa ya fi jin sauƙi?" Ni kuwa ina kuka, ina neman gafarar kowa.

Rana ta uku da hantsi likitan dabbobi ya zo yi wa awaki allura. Da Inna ta ba shi labari sai ya leƙo rumbun, ya ɗago magen, ya sansana gashinta, shi ma ya yi atishawa.

"Hajiya, ina take kwana?"

"Cikin turmin yaji," in ji Inna.

Likitan ya dube ni ya ce, "Fito, ƴata, lafiyarki ƙalau."