Saniyar da Ba Tawa Ba

A zauren wani tsohon malami a Jakara na yi karatu. Ban yi zurfi ba. Na sauke Alƙur'ani, na taɓa littattafan fiƙihu na farko, daga nan aka ba ni limancin wani ƙaramin masallaci a Ƙofar Mazugal, na yi aure.

Da Malam ya tsufa, ƙafa ta hana shi fita, sai mu ɗalibansa muka taru a zauren bayan la'asar. Dukkanmu sababbin magidanta ne, wasu limamai, wasu malaman Islamiyya. Babbanmu ya kawo shawara, kowane gida ya ware abin da zai riƙa amfanar makarantar Malam ko bayan ransa. Wani ya yi wasiyya da littattafansa. Wani ya ce shi da maiɗakinsa sun yarda, shagon da ya gada ya zama waƙafi.

Ni ba ni da komai sai tsohon babur. Na sunkuyar da kai. Sai wanda ke kusa da ni ya zungure ni ya ce, "Bafulatani ya yi shiru. Ko sai an tatse ka?"

Aka yi dariya. Kafin ta lafa na ji bakina yana cewa, "Akwai saniyata a ruga. Na yi waƙafi da ita, duk abin da ta haifa na makaranta ne."

Malam ya ɗaga hannu ya daɗe yana sa mini albarka.

Saniyar ba tawa ba ce, ta matata ce. A wajenmu maigida kan ce "shanuna", amma kowace dabba a garke da mai ita, kuma kowa ya sani. Wannan jikar saniyar da mahaifinta ya ba ta ranar sunanta ce. Ya rasu, garken ya watse, ita kaɗai ta rage a hannun yayanta. Na san duk wannan lokacin da nake magana. So na yi a gan ni.

Na yi ta cewa gobe zan gaya mata. Kafin goben ta zo, ta je walima gidan babban namu, mata suka taso mata da godiya. Ta amsa musu da "amin", ba ta tona ni ba.

Da ta dawo ta tsaya a bakin ƙofa da goyo a bayanta, ta dube ni.

"Malam, ashe mun yi waƙafi?"

"Zauna in yi miki bayani."

"Da ka roƙe ni, da wataƙila na ba ka. Kai da kake karanta wa mutane cewa dukiyar wani ba ta halatta sai da daɗin ransa."

Na roƙe ta a lokacin. Na roƙe ta da girman Allah, da girman Malam, har na ce ta dubi mutuncina a unguwa. Nan ma kaina nake ji, ba ita ba.

Ta ce, "Ba zan ba ka ba. Inda ka ƙulla, can za ka warware."

Damina ta kama, yayanta ya bugo waya ya ce saniya ta haihu. Labari ya bazu, abokaina suka fara tambayar maraƙin makaranta. Ina shiga gaban sahu sai in rasa surar da zan ja. Na yi tunanin sayar da babur in sayi wata in ce ita ce. Wato in rufe ƙarya da ƙarya.

Na tafi Jakara. Malam yana kwance a kan buzu. Ya kama hannuna ya ce, "Mai saniya ya zo." Na durƙusa na faɗa masa komai a hankali, don kada na waje su ji.

Ya saki hannun. Ya ce, "A gaban mutane ka faɗa, me ya sa kake mini raɗa? Kuma ba ni ka zalunta ba."

A taronmu na gaba na miƙe na warware. Ba wanda ya yi dariya, har wanda ya zungure ni. Da ma sun yi, da ya fi mini sauƙi.

Na koma gida na tarar tana tankaɗe. Na ce, "Na faɗa musu, dukkansu."

"Na ji."

"Kin yafe mini?"

Ta ci gaba da kaɗa rariya. "Ina ƙoƙari, Malam."

Ba ta rage mini komai ba, abincina a kan lokaci, gaisuwa yadda ta saba. Amma idan yayanta ya bugo waya yanzu, sai ta shige ɗaki ta ja labule. Na sake tambayarta bayan sallar layya. Amsar ba ta canza ba.