Dodon da Ya Kai Ni Bencin Baya

Ko da tsufa zai sa in manta da inda na ajiye tabarau alhali yana kan hancina, ba zan manta da abin da wani littafin ban dariya ya jawo mini a cocinmu na Kafanchan ba. Shekaru sun wuce, amma har yau in na tuna sai zuciyata ta tafasa.

Lokacin ban daɗe da yin ritaya daga koyarwa ba, kuma ni ce shugabar zumuntar mata. Zaman banza ya ishe ni, sai na tara 'yan fansho irina, mu bakwai, muna haɗuwa a barandar gidana kowace Asabar da la'asar muna karatu. Littafin da ya jawo rigimar 'yata ce ta aiko mini daga Sabon Tasha. Labarin wani dodo ne da ke zaune a rijiya, ya tsufa, haƙoransa sun zube, yara sun raina shi har suna cewa ya miƙo musu guga in ta faɗa. Da abin ya dame shi sai ya fito gari neman aikin gadi, aka ce ya kawo takardar haihuwa. Mu da muka sha layin tantance 'yan fansho, ai sai muka ga ɗan'uwa. Mukan karanta shafi biyu mu yi awa guda muna gardama. Wasu su ce abin tausayi ne, ni in ce girman kai ke wahalar da shi, don an ba shi aikin korar tsuntsaye a gonar dawa ya ce ya fi ƙarfin nan.

A cikinmu akwai wani tsohon ma'aikacin reluwe mai ƙatuwar murya, shi muka bar wa maganar dodon. Ranar da abin ya faru sai ya ɗauki bokitin ƙarfe ya kara a bakinsa, ya karanta wurin da dodon ke roƙon magatakarda. Muka yi dariya har wata ta zame daga kujera. Ni kuma ranar wake da riɗi na dafa mana.

To, a wajenmu dodo ba na tatsuniya ba ne kaɗai. Kafin zuwan bishara kakanninmu suna da dodon gari. Maza ke shiga kurmi su yi wata irin murya, mata su ɓuya a ɗaki, kuma matan ne ake sa wa su dafa masa wake da giya. Allah ya sani, ko sau ɗaya ban haɗa wancan da na littafin ba.

Muna cikin dariyar sai ga wani dattijon cocinmu ya shigo. Na ba shi kujera, na zuba masa wake, ya cinye na ƙara masa. Ya ce, "Mama, hannu na ki akwai daɗi." Ya wanke hannu ya tafi. Ga littafin a buɗe a kan tebur, bai tambayi ko na mene ne ba.

Ranar Talata aka kawo mini takarda daga kwamitin dattawa. Wai na ta da dodo a gidana, har da dafa masa abincinsa. Hukuncin irin wannan kowa ya san shi: a sa mutum a horo, a sanar a gaban jama'a, ya koma bencin baya, ba shi ba cin Jibin Ubangiji. Na karanta takardar sau uku, ba tsoro nake ji ba, fushi ne. Mutum ya ci wakena kwano biyu, ya fita ya ce na dodo ne! In na dodo ne, to shi ne dodon ke nan.

Na bi abokan karatun gida-gida su zo su ba da shaida. Wannan zazzaɓi ya kama ta, wancan ya tafi jana'iza Kauru. Mai bokitin kuwa ya sunkuyar da kai ya ce, "Mama, ni karatu kawai na yi fa. Gida na ki ne, littafi na ki ne." Wannan ta fi takardar yi mini ciwo.

Ni kaɗai na je gaban kwamitin, da littafin a jaka. Dattijon ya tashi ya ce, "Ni ba yaro ba ne. Murya na dodo na san shi tun ina ƙarami. Na ji da kunne na, na ga wake."

Na ce, "Baba, gani kaɗai ka yi, ko har da ci?"

Aka ce in yi magana da ladabi. Na ajiye littafin a gaban Fasto na ce a karanta, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Faston matashi ne, ya buɗe ya fara karantawa a fili. Bai gama shafi ɗaya ba kafaɗunsa suka soma rawa, ya fake da tari. Dattawa biyu suka rufe baki da hankici. Na ce a raina shi ke nan, gani ya kori ji.

Ashe ban san komai ba. Suka sa na fita, suka yi shawara, suka kira ni. Faston ya ce, "Mama, mun ga ba tsafi ba ne. Amma magana ta riga ta bazu, kuma ba za mu kunyata dattijo ba. Ki tashi ran Lahadi ki ce kin yi kuskure, a rufe zancen."

Na ce, "Wane kuskuren? Na karatu, ko na ciyar da baƙo? Ba zan tsaya a gidan Ubangiji in yi ƙarya don a rufa wa wani asiri ba."

Suka ba ni horon wata uku, wai saboda taurin kai.

Ran Lahadi aka karanta sunana. Na ɗauki jakata daga layin gaba na bi tsakiyar coci, idanu duka a kaina, ina tafiya ina haɗa maganganun da zan gaya wa kowa. A bencin baya na tarar da wata gwauruwa. Na san ta sarai, don wata biyu kafin nan ni da bakina na kai maganarta kwamiti, cewa tana dafa burkutu. Wata ce ta gaya mini ta ga ta shanya tsiron dawa a tsakar gida.

Ta matsa ta ce a hankali, "Mama, zauna, akwai wuri." Da aka fara waƙa sai ta sunkuyo. "Sun tambaye ki kafin su kai ƙararki?"

Na ce, "Ko kalma ɗaya! Mutum ya shigo har gidana bai buɗe baki ya tambaya ba."

Ta ce, "Haka ne. Ni ma ba ki zo kin tambaye ni ba. Kunu nake yi ina sayarwa a tasha."

Aka zo da tiren Jibi, ya tsaya a layin gabanmu ya juya. Fushin da na kwana biyar ina dafawa yana nan, sai dai yanzu na rasa inda zan sauke shi da ba zai taɓa ni ba.

Dattijon ya zalunce ni, kuma har yau ban ce bai yi ba. Amma a bencin nan na koyi cewa abin da kunne ya jiyo daga bayan katanga rabin magana ne, kuma tambaya ɗaya ta isa ta tsare mutuncin mutum. Tun daga ranar, duk wadda ta zo mini da "an ce", sai in ɗauki gyalena in ce ta tashi mu je mu tambayi mai ita. Yawancinsu a bakin ƙofa suke tuna sun bar tukunya a wuta.