Kunnen Badung

Badung ba ɗan dambe ba ne, kuma duk wanda ya ce maka ɗan dambe ne, to bai taɓa ganinsa a fili ba. Ɗan dako ne a kasuwar Katako ta Jos, Birom ɗan Anguwan Rukuba, ƙato mai faɗin kafaɗa da ke saɓa katakon da mutum biyu ke nishi a kansa, ya tafi yana fito. Ni Uzairu, a rumfata yake sauke kaya tun muna samari, har muka zama irin abokan nan da ba sa rabuwa kuma ba sa wuni ba su yi cacar baki ba. Ƙarfi kam Allah ya ba shi. Abin da ya rasa shi ne hankalin da zai raba shi da Muktari Na-Gangare.

Muktari makaɗin 'yan dambe ne, kuma a zamaninsa babu kamarsa daga nan har Bauci. Ɗan siririn mutum ne wanda iska mai ƙarfi za ta iya kayarwa, muryarsa kuwa kamar ana jan zarto a busasshen icce. Amma in ya matse kalangu a hammata ya buɗe bakin nan, sai ka ga mahauci mai 'ya'ya bakwai ya miƙe jikinsa na rawa yana neman wanda zai fasa wa baki. Yana da wata ɗabi'a da ta ɗaukaka shi: ba ya sayar da waƙa. Attajirai sun yi masa liƙi har sun gaji, ya karɓa ya yi godiya, amma sunan mutum ba ya shiga bakinsa sai ya gan shi a fili, jini na zuba, ya kuma burge shi.

Ranar da Badung ya fara ganinsa, shi ya ja ni. Wasu mahauta da ya kai wa katakon teburi ne suka ba shi labari, ya dame ni har na rufe rumfa bayan la'asar muka tafi gidan dambe. Muna gaba-gaba aka saki wani bahago da wani dogo. Muktari ya buga taken bahagon, shi kuwa ya yi wani irin kukan kura ya kai wa dogon hannu a muƙamuƙi. Na ji ƙarar har cikin haƙorana. Jini ya fantsamo mana a riga, dogon ya zube yana shure-shure, 'yan'uwansa suka ja shi ta ƙafa. Na juya in ce wa Badung mu tafi, sai na ga ko kallon wanda ya faɗi ba ya yi. Muktari yake kallo, baki buɗe, hawaye na bin kumatunsa.

Daga ranar ya kamu. In aka ce Muktari na Bukuru, Badung na can. Barikin Ladi, Mangu, har Saminaka ya taɓa binsa a bayan motar tumatir. Kaset ɗinsa babu wanda bai mallaka ba. Matarsa Loyis, wadda ke cikin mawaƙan cocinsu, ta sha kawo mini ƙara cewa mijinta ya haddace kirarin mahautan Jos kaf amma baiti ɗaya na waƙar coci ya gagare shi. Ni ma na tsokane shi iya tsokana. Na ce masa Muktari ko sunansa bai sani ba, kuma gaskiya na faɗa, don in ya gan shi a gaba-gaba sai dai ya ɗaga masa kai ya ce, "Ɗan katako, an zo?" Wannan ɗaga kan ma Badung sai ya yi mako yana ba da labarinsa.

Abin da yake so ɗaya ne, kuma bai ɓoye ba: ya ji sunansa a bakin Muktari, ko sau ɗaya, kafin ɗayansu ya mutu. Hanyar kuwa ɗaya ce. Don haka wata ranar Lahadi, daga coci, ya tafi aka naɗe masa hannun dama da zare ya shiga fili. Bai san tsayuwa ba, bai san kariya ba, shi dai ya san yana da ƙarfi. Wani yaron mahauci da bai kai rabinsa ba ya zagaya shi sau biyu ya zuba masa hannu a ido. A dambe in gwiwarka ta taɓa ƙasa an kashe ka ke nan, to Badung da fuskarsa ya taɓa. Muktari ya yi wa yaron waƙa mai daɗi ƙwarai. Badung ya tashi da ido kumbure kamar ƙwan agwagwa, yana bin amshin waƙar wanda ya doke shi. Na ji kamar in ƙara masa.

Bayan wasu shekaru ya sake gwadawa, wannan karon ya ɗan koyi wani abu a wurin tsofaffin mahauta. Ya kai turmi na biyu, wato zagaye na biyu, a tsaye, har ya fasa wa abokin karawarsa leɓe. Sai mutumin ya fusata ya sakar masa hannu a kunnen hagu. Jini ya riƙa fita ta kunnen har ya jiƙa masa wuya. Likita ya ce dodon kunnen ya fashe kuma abin ya taɓa ciki, wannan ɓangaren ya tafi ke nan, ya kuma gargaɗe shi cewa in aka sami na daman haka, zai ƙare rayuwarsa cikin shiru. Loyis ta zo har rumfata ta yi rantsuwa a gabana cewa ranar da ya sake ɗaure hannu za ta kwashe 'ya'yanta ta koma gidan ubanta a Vom. Badung ya yi alkawari. Tun daga lokacin in ya je kallo sai ya zauna a karkace, kunnen dama na fuskantar makaɗa, kamar kaza mai sauraron shaho.

Sai garin ya rikice. Wanda ya zauna a Jos a shekarun nan ba sai an ba shi labari ba. Rumfunanmu suka ƙone, unguwanni suka rabu, mutumin da kuka ci abinci a kwano ɗaya ya zama sai kun haɗu a kasuwar Taminus ku gaisa a tsaye. Gidan damben yana ɓangarenmu, kuma mai suna Badung ba shi da abin yi a can. Na faɗa masa haka da babbar murya. Da ƙura ta ɗan lafa aka sake buɗe wasa, ina zaune sai na ji hayaniya a ƙofa. Wasu samari ne da ba su san shi ba suka tare shi da gora. Kafin in kutsa sun fasa masa ƙeya, yana durƙushe, bai rama ba, hannuwansa biyu duk a kan kunnen dama. Da ni da tsofaffin mahauta muka ƙwace shi da ƙyar, ni ma na sami rabona a kafaɗa. Na ɗauke shi a acaɓa ina zaginsa tun daga nan har asibiti. Wata bai cika ba ya dawo da filasta a kai, ya zauna a wurinsa, a karkace. Samarin da suka doke shi daga baya su ke kama masa wuri.

Shekaru suka tafi. Furfura ta fito mana, Muktari kuwa ƙafafu suka daina ɗaukarsa, sai a kujera ake kawo shi. Aka sanar da cewa zai yi wasansa na sallama, kuma masu gidan, don su cika fili, suka gayyato wani ɗan dambe daga yamma da ake kira Guduma, da nasa makaɗin. Ban taɓa ganin taro irin na yammacin nan ba, har kan katanga mutane ne.

Guduma ya zo da mugunta. Zakarun Jos ya riƙa kwashewa ɗaya bayan ɗaya. Na farko ya karya masa haƙarƙari, na biyu ya bar shi yana aman jini, na ukun sai da aka zuba masa ruwa kafin ya san inda yake. Daga nan ya tsaya tsakiyar fili ya ɗaga hannu yana zagayawa. A gidan nan akwai al'ada: in baƙo ya tsaya haka, makaɗin gida zai buga kira, in ya buga har ya gaji babu wanda ya tashi, sai ya kife kalangunsa a ƙasa, makaɗin baƙi ya karɓe filin. Muktari bai taɓa kife kalangu ba tunda aka san shi. Ya buga kiran. Samarinmu suka sunkuyar da kai. Ya sake bugawa, ya kira iyayensu da kakanninsu da ya yi wa waƙa. Babu wanda ya motsa. Makaɗin Guduma har ya fara ɗaure nasa yana murmushi. Na ga hannun tsohon ya sassauta, ya fara zare igiyar daga kafaɗarsa.

Sai na ji benci ya yi sauƙi a gefena.

Na cafke wa Badung riga. Na ce ya tuna Loyis, ya tuna likita, ya tuna shekarunsa. Ya ɓamɓare yatsuna a hankali ya ce, "Oga Uzairu, ba zai kife shi a gabana ba. Matana zai yi haƙuri."

Alƙalin wasa ya so ya hana, taro ya yi masa ihu. Guduma ya dube shi ya yi dariya ya ce baba ya koma ya zauna kada jikoki su yi maraici. Wani tsohon mahauci ya naɗe wa Badung hannu, Muktari ya mayar da igiyar kafaɗarsa.

Abin da ya biyo baya ba dambe ba ne, duka ne. Hannun farko ya karya masa hanci. Badung ya yi baya-baya, ya tsaya. A dambe hannun da ba a naɗe ba shi ne garkuwa, ana miƙa shi gaba, amma shi nasa ya kewayo da shi ta gaban fuska ya manne a kunnen dama, ya bar cikinsa da ƙirjinsa a buɗe. Guduma ya yi ta zuba masa a haƙarƙari, kana jin sautin kamar ana dukan buhun masara. Aka raba turmi na farko yana tsaye. A na biyu gira ta tsage, jini ya rufe masa ido ɗaya, ya tofar da haƙori, ya ma sami sa'a ya kai wa Guduma wani hannu a wuya da ya sa dariyar ta ɗauke. Gidan ya kaure. Mutanen da ɗazu suka sunkuyar da kai yanzu suna tsalle a kan benci. Aka raba yana tsaye.

A wannan hutun ne wani ɗan amshin Muktari ya ratso taro ya zo wurina, ya ce maigida na tambaya, wai mene ne sunan ɗan katakon nan. Shekara da shekaru mutum na binka gari-gari, ya ba da ido, ya ba da kunne, ya ba da ƙeya. Na faɗa masa sunan, na maimaita don kada su ɓata shi.

Aka saki turmi na uku. Suna zagaya juna sai kiɗan ya canza. Wani sabon take ne, mai nauyi, wanda babu wanda ya taɓa ji a gidan. Badung ya haddace duk taken da Muktari ya taɓa bugawa, don haka nan take ya gane wannan ba na kowa ba ne. Na ga kansa ya ɗago. Hannun da ke kunnensa yana tare masa sautin, ga ihun jama'a. Sai ya sauke hannun, ya karkata kai wajen makaɗa yadda ya saba yi a benci, ya ba Guduma gefen fuskarsa gaba ɗaya.

Guduma bai yi jinkiri ba, kuma ban ga laifinsa ba, aikinsa ke nan. Hannun ya sauka daidai kan kunnen. Badung ya tafi a tsaye kamar an sare itace, kansa ya bugi ƙasa. Yana kwance jini na bulbulowa Muktari ya buɗe baki.

"Badung na Loyis, ginshiƙin Katako, kai ka hana kalanguna cin ƙasa."

Sunan matar ma ni na ba su. Gidan gaba ɗaya ya ɗauki amshi, Hausawa da Birom da kowa, har da makaɗin Guduma. Ni ina tsakiyar fili rungume da kansa, ina kiransa, idonsa a buɗe yana kallon bakina.

Loyis ba ta tafi Vom ba. Ta yi jinyarsa, amma ta yi shekara ba ta amsa gaisuwata ba. Muktari ya rasu da damina ta gaba. Waƙar kuwa wani ya ɗauka a waya, ta bazu, yau ko a Katako masu tura baro na rera ta in Badung ya wuce da kaya a kafaɗa. Ya koma aiki, ƙarfin na nan. Sai dai in mota na tahowa ta bayansa sai an ja shi gefe, kuma yanzu da hannu muke yin faɗanmu.

Ran nan muna cin abinci a rumfa, ya ga bakin yaran maƙwabta na motsi tare, suna satar kallonsa. Ya ajiye cokali. Muryarsa ta zama mai ƙarfi tunda ba ya jin kansa, don haka rabin layin ya ji tambayar.

"Ita ce?"

Na gyaɗa kai.

"Ya faɗi sunana daidai? Bai ce Badun ba?"

Na nuna masa da hannu cewa daidai ya faɗa. Ya ci gaba da kallon leɓunansu har suka kai ƙarshe.

"Da daɗi?"

Ni da na yi shekaru ina zagin waƙoƙin mutumin nan, na sake gyaɗa kai, don wallahi ita ce mafi daɗin abin da ya taɓa rerawa. Badung ya ɗauki cokalinsa.

"To, ku ji mini," in ji shi.