Matakala Ashirin da Biyu

Mu na Allah ne, kuma gare Shi za mu koma. Da hantsin Talata, tara ga watan Maris, ina tsaye a ɗakin bincike da buroshi a hannu, matarka ta kira ni ta ce ka cika. Mutumina, shekara ashirin da uku muna tebur ɗaya muna karanta ƙasusuwan mutanen da, kuma akwai maganar da na riƙe ban faɗa maka ba. Yau zan faɗe ta, ko da na makara.

Na yi kishinka. Tun daga kwarangwal ɗin nan na tsohuwar maƙabartar ƙauye abin ya fara, wanda ya shekara ɗari bakwai a ƙasa. Ni na tono shi, ni rana ta gasa wa ƙeya mako biyu. Da na ga ƙasusuwan ƙafar hagu sirara ƙwarai, sai na ce na wani yaro ne suka cakuɗu da na babba, na ware su a wani kwali, na liƙa musu lamba daban. Kai da shan inna ya shanye wa ƙafa tun kana ɗan shekara huɗu, ka jingine sandunanka, ka ɗauki ƙashin dantsen mutumin ka juya shi, ka ga kaurinsa, sannan ka dafa kafaɗarka.

"Mayar masa da ƙafarsa, mutumina," ka ce. "Wannan ɗan'uwana ne. Da hannu ya yi tafiya."

Daga nan ka karanta sauran. Haƙoransa sun zaizaye kamar na kowa, wato abin da gari ya ci shi ya ci. Ya taɓa karaya a hannu, aka ɗora shi ya warke sumul, alhali mai tafiya da hannu idan ya karye sai an ɗauke shi an ajiye. Ya haura hamsin, kuma a tsakiyar maƙabarta aka binne shi, ba a gefe ba. Ka rubuta cewa manoman nan ba su yar da nasu ba. Duniya ta ɗauka, aka yi ta gayyatarka taro, ni kuwa aka bar ni da gadin kwalaye. Ka saka sunana kusa da naka a takardar, ba ka taɓa gaya wa kowa zancen kwali na biyu ba. Wallahi wannan rufin asirin ya fi komai ci mini rai.

Alherinka ma haushi yake ba ni. Ɗalibai su wuce ƙofata su yi layi a taka. Mai shara ta kawo maka takardar asibitin mijinta ka karanta mata, ni da nake da ido biyu kamar kai ko kallo ban ishe ta ba.

Ga maganar. Ɗakin bincikenmu a saman bene yake, matakala ashirin da biyu. Shekarar da kafaɗunka suka fara gajiya, ka nemi a sauko da shi ƙasa. A zaman kwamiti ni na ce danshin ƙasa zai lalata ƙasusuwa. Na san fanka biyu da katako sun isa su magance danshin. So nake a sami abu ɗaya da na fi ka, ko da hawan bene ne. Shekara tara ka yi kana hawa, kana hutawa a ta goma sha ɗaya, ni kuma kullum ina jiranka a ƙasa in karɓi jakarka, don kunya ta hana ni sakat.

Da na je gaisuwa, na kasa haɗa ido da matarka. Ita ta fara magana.

"Baban yara ya san kai ne ka hana," ta ce. "Na ce ya kai ƙara, ya ƙi. Ya ce in duba wanda yake ɗaukar masa jaka kowace safiya, wai shi abin da ya ga an yi yake karantawa."

Ka yi mini karatun da ka yi wa mutanen ƙauyen nan, mutumina, sai dai su sun cancanta. Su sun ɗauki nasu, ni jaka kawai na ɗauka. Jiya na sa hannu aka sauko da ɗakin, na kwaso kwalayen da kaina, na ɗan'uwanka na fara saukarwa. Ko a yafiya ma ka riga ni, kuma har yanzu ina jin kishin.

Allah Ya jiƙanka, Ya yafe maka kurakuranka, Ya haskaka kabarinka, Ya tashe ka da ƙafafu biyu lafiyayyu. Ina miƙa ta'aziyyata ga matarka, da 'ya'yanka uku, da ƙanwarka, da ɗalibanka. Allah Ya ba su haƙuri. Ni kuma, duk wanda ya karanta wannan, ya roƙa mini gafarar matakala ashirin da biyu.