Ranar da Binuwai Ya Zo Takardata

Yau da safe ina jan layi a takarda, hannuna ya kama rawa. Sai na gan ni a tsakar gidanmu na unguwar Makama, zamanin Jihar Arewa maso Gabas.

Goggona mai zanen ƙwarya ce. Kullum sai ta miƙo mini sakaina da gawayi, in ja miƙaƙƙen layi hamsin. Ni kuwa kogin Binuwai nake mafarkin zanawa.

"Goggo, yaushe zan zana kogi?"

"Ja layinki kawai, ɓingel, 'yata. Ruwa zai zo da kansa."

Ta rasu, ban fasa jan layi ba. Yau tsufa ya lanƙwasa layukan, na duba, ga kogi kwance yana gudana.

Goggo, ya zo fa.

Ku wa ya fara riƙe muku hannu?