Ni da Yaya da Duniyoyin da Suka Yi Ƙaura Tare

Da aka rushe mana gidaje a unguwar Koulouba, danginmu suka watse kamar buhun gero ya fashe a kan kwalta. Ni na sauka Zango, yayana ya tafi can bakin gari. Sai muka ɗauki zagayen zumunci bayan sallar Juma'a, gida-gida. Ni a moto, wato babur, kowane mako, shi a keke bayan mako bibbiyu, wai moto na marasa haƙuri ne. Yakan riga ni fita, in cim masa a gidan Gwaggo a Wemtenga, ta dama mana zom-kom, kunun geron Mosawa, mu yi ta musu.

Sai tumbina ya fara girma. Duk gidan da na shiga sai na duba lafiyar tukunya. Motona ma idan ya hango ni kuka yake. Na riƙa isa gidan Gwaggo Yaya ya wuce, in zauna ina kumbura. Shi kuma ya bar saƙo cewa tunda na fi ƙarfin 'yan keke, to, ya gode. Ya daina ɗaukar wayata. Dariya nake, amma abin ya dame ni.

'Yata da ke karatun taurari a jami'a ta tarar da ni ina zabga tagumi. Da na ba ta labari ta ce, "Baba, ai ku ne karatuna. Akwai duniyoyi da ke kewaya wasu ranakun, ba tamu ba. Ta ciki ta zaga sau biyu, ta waje sau ɗaya, su haɗu a wuri guda. Tun suna sabbi suka gangaro cikin ƙura da iska, suna jan juna har tafiyarsu ta daidaita."

"To, idan ɗaya ta yi tumbi fa?"

"Da yawansu sun ɗan goce, kaɗan dai. Ba rabuwa suke ba, mahaɗar ce ke matsawa. Ƙarancin gocewar nan ma shi ke sa a yi zaton tare suka yi ƙaura. Kai kuwa ka zauna jiran mutum inda ya riga ya wuce."

Ranar Juma'ar da Yaya ke fita, sai na gaida Gwaggo a tsaye, na ƙi zom-kom, abin da ya sa ta tambaya ko a kira likita. Na zarce gida na gaba, gidan ƙanwarmu. Ga keke a jingine.

Yaya ya ɗaure fuska. Na durƙusa, gwiwoyina suka yi ƙarar da aka ji har can unguwar Ouaga 2000, na kwashe bayanin duniyoyi na zuba masa.

"Wato ni ne mai nawar tafiya?" in ji shi.

"Kai ne babba, Yaya, mai tafiyar ƙasaita."

Ya dubi tumbina ya daɗe. "Babba dai ga shi nan." Ya turo mini kwanon shinkafa, ya riƙe gefensa gam. "Sa hannu, amma daga wajenka."